Naɗi na Goma Sha Ɗaya

Shekara tara na yi a ƙarƙashin Nirmalya Pakrashi, kuma duk tsawon lokacin ban taɓa ganin cikin gidansa ba. Ina ce masa Dada, kamar yadda mutanensu na Bengal ke kiran babban wa. Shi kuwa Jigisha-ben yake ce mini, wato da laƙabin girmamawa irin na mutanenmu, duk da ya ba ni shekara ashirin da 'yan kai. Ɗakin aikinmu ɗaya, teburinsa na kallon bango, nawa na kallon taga. Akan yi yini guda maganar da ta haɗa mu ba ta wuce "miƙo mini wancan" ba.

Cibiyarmu tana bayan garin Vadodara, daidai inda gonakin auduga suka fara. Abin da ya tara mu duka a wurin inji ne guda, ƙaton zobe mai maganaɗisu goma sha takwas, kowanne naɗin waya ne da ya fi tsayin mutum biyu. Wayar irin wadda in aka sanyaya ta da ruwan hiliyam har ƙarshen sanyi, wutar lantarki takan bi ta cikinta salin-alin, ba tirjiya ba zafi. Matsalar ita ce, in wani ɗan wuri a jikinta ya ɗumama, ko da bai fi ƙwayar shinkafa ba, nan take sai ya koma waya irin ta kowa. Wuta mai ƙarfin ampiya dubbai ta tarar da shi, ya yi zafi, ya ɗumama na kusa da shi, abin ya yi ta yaɗuwa. Wannan shi muke kira kwenc. In ba a gane shi an janye wutar cikin ƙiftawar ido ba, naɗin ya ƙone, aikin shekaru ya tafi a banza.

Gane shi ne aikin Dada. Shi ya ƙera na'urar da hannunsa tun ina makaranta. Siraran wayoyi ne fiye da ɗari suke fitowa daga cikin sanyin nan zuwa wasu akwatuna a ɗakinmu. Na'urar tana gwada rabin kowane naɗi da ɗaya rabin. In lafiya, su biyun daidai suke. In bambancin ƙarfin lantarkinsu ya kai iyakar milibolt ɗari da hamsin, ya kuma daɗe har lokacin jira ya cika, wato kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, sai ta yanke wutar, ba ta neman shawarar kowa. Za a ji ƙara kamar an rufe ƙofar ƙarfe da ƙarfi, hiliyam ya tafasa ya fita ta bututun saman rufi kamar farin hayaƙi, sannan kowa ya naɗe hannu kwana huɗu ko biyar kafin sanyi ya dawo.

Saboda haka babu mai murna da aikinmu. In na'urar ta yi shiru, ba a tuna muna nan. In ta yi magana, mu ne muka ɓata wa mutum ɗari da ashirin mako guda. Maigadi ake kiran Dada a bayan idonsa, wani lokaci ma a gabansa.

Shi kaɗai yake cin abinci. Yawancinmu ba ma cin nama ko kifi, shi kuwa mutumin Bengal ne, gwangwanin abincinsa ba ya rabo da ɗan kifi. Ba wanda ya taɓa hana shi shiga ɗakin cin abinci, amma tun farkon zuwansa ya ga yadda ake ja da kujeru, sai ya koma matakalar bayan ɗakin injinan sanyi. Can yake zama kowace rana da ƙarfe ɗaya. Matarsa Shyamali malamar makaranta ce a Chandannagar, garinsu, ba ta yarda ta bar ɗalibanta ba, shi kuma babu irin aikinsa a can. Shekara ashirin da shida suka yi a haka, sau biyu yake zuwa gida a shekara. Ba su haihu ba. Suna jiran ya yi ritaya su zauna tare, sai ga shi saura shekara ɗaya da 'yan watanni ta faɗi a cikin aji. Kafin ya isa an riga an gama komai. Ya dawo bayan kwana goma sha biyar da kansa a aske kamar yadda suke yi in an yi musu rasuwa, ya zauna a teburinsa ya tambaye ni ko na duba wayar naɗi na huɗu.

A watan Fabrairu na shekararsa ta ƙarshe aka sanar da mu cewa wani kwamiti zai zo daga Delhi ƙarshen Maris. Suna son su ga injin ya ɗauki ampiya dubu biyar da idonsu, kuma abin da suka gani shi zai yanke ko aikin zai ci gaba. Ba mu taɓa wuce dubu huɗu ba.

Gwajin farko, muna kai dubu huɗu da ɗari shida na'urar ta yanke. Aka jira kwana biyar. Na biyu ta yanke a dubu huɗu da ɗari biyar. Na uku ko nan ba mu kai ba. Duk sau ukun daga naɗi na goma sha ɗaya alamar ta fito.

Kirit-bhai, shugaban masu kula da sanyi, shi ne ya fi shan wahala, don duk yankewa mutanensa ne ke sake tara hiliyam. Ya shigo ɗakinmu bayan ta ukun, ya tsaya a bayan Dada yana goge wuya da hankici.

"Dada, karen nan naka fa inuwarsa yake yi wa haushi. Ka ba shi abinci ya kwanta mana."

Dada bai juyo ba. "Zo ka gani, Kirit-bhai."

"Ni ban iya karatun zanen kaji ba. Abin da na sani, yarana sun yi mako uku ba su ga matansu da rana ba."

Da ya fita, Dada ya kira ni. Ya jera zanen alamomin uku a kan tebur, ya bi su da bayan fensir.

"Hayaniyar lantarki, irin wadda ke ruɗin na'ura a banza, tsalle take yi ta sauka. Wannan dubi yadda yake hawa a hankali, kamar mai hawa bene da kaya a ka. Kuma kowane karo yana farawa da wuri fiye da na baya. Akwai mahaɗar da ke lalacewa, Jigisha-ben. Ta ƙasa nake zargi."

Mahaɗa ita ce inda aka haɗa bakin wayar wani naɗi da na gaba. Na duba zanen na daɗe, na ga abin da ya gani. Amma akwai wani abin kuma da ni ma na sani. A watan Janairu an kafa sabon injin ba da wuta kusa da hanyar da wayoyin naɗi na goma sha ɗaya suka bi, kuma wata rana na ga alamar ta motsa da aka kunna shi, alhali babu wuta a maganaɗisun ko kaɗan. Na gaya wa Dada a lokacin, na kuma rubuta a littafin aiki.

Dakta Upendra Raval, shugaban aikin, ya kira taro ranar Litinin da safe. Ba mugun mutum ba ne. Ya ba injin nan shekara goma sha takwas na rayuwarsa, gashinsa a kansa ya yi fari. Ya saurari Dada har ya gama, bai katse shi ba.

"To me kake so mu yi, Pakrashi-sahab?"

"A ɗumama injin, a buɗe, a duba mahaɗar."

"Wata shida ke nan."

"Ko bakwai."

Wani ya yi dariya a ƙarshen tebur. Dakta Raval ya cire tabarau ya murza idanu.

"Mutanen Delhi saura kwana goma sha tara. In suka zo suka tarar da inji a buɗe kamar motar da ta mutu a gareji, babu wata bakwai, babu komai. Duk wanda ke ɗakin nan sai ya nemi wani aiki. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Ka ɗaga iyakar zuwa ɗari huɗu, na rana ɗaya."

"Ba zan iya ba."

"Ba za ka iya ba, ko ba za ka yi ba?"

"In na ɗaga, na'urar tana nan a kunne amma ba ta gadin komai. Gara a kashe ta kowa ya sani."

Kirit-bhai ya ce, "Kai wata uku ya rage maka, Dada. Mu da za mu zauna fa?"

Sai Dakta Raval ya buɗe littafin aiki, ya juyo gare ni.

"Jigisha-ben, ke kika rubuta wannan a Janairu. Sabon injin wuta yana taɓa wayoyin naɗin nan. Tambaya ɗaya zan yi miki. Abin da muke gani zai iya zama hayaniya?"

Mutum goma sha huɗu suna kallona. Dada kaɗai ne yake kallon hannayensa.

Na ce, "Zai iya."

Ban yi ƙarya ba. Amma maganar tana da sauran rabi, cewa ni ban yi tsammanin hayaniya ce ba, kuma rabin nan yana bakina na haɗiye shi. Na jira wani ya tambaye ni ra'ayina, ba wanda ya tambaya. Aka tashi.

Washegari takarda ta fito. An ɗora wa Pakrashi-sahab muhimmin aikin rubuta tarihin na'urar da bayanin yadda take aiki kafin ya yi ritaya, an ba shi ɗaki a bayan laburare. Ni kuma an ba ni riƙon sashen.

Ya kwashe kayansa a kwali guda. Ina tsaye ban san inda zan sa hannuna ba. Ya ajiye mabuɗin akwatunan a kan teburina.

"In za ki ɗaga, ɗaga iyakar kaɗai. Kar ki taɓa lokacin jira. Za su ce ki ƙara shi ma, ki ce ba ya ƙaruwa."

"Dada…"

"Kuma wayar naɗi na sha huɗu tana da sako-sako a akwati na uku. Kar ki ja ta."

Ya ɗauki kwalinsa ya fita. Na ɗaga iyakar zuwa ɗari huɗu. Da aka ce in ƙara lokacin jira, na ce ba ya ƙaruwa.

Ranar da kwamitin ya zo, an share ko'ina, an jera tukwanen furanni a bakin ƙofa. Ƙarfe sha ɗaya na safe aka fara ɗaga wuta. Baƙin suna tsaye a babban ɗakin sarrafawa suna kallon lambobi a allon bango, ni kuma ina ɗakinmu ni kaɗai, idona a kan layi ɗaya. A dubu huɗu da ɗari uku ya fara hawa. Hamsin. Ɗari. Ya wuce ɗari da hamsin, inda da can za a ji ƙarar yankewa, ba a ji komai ba. Ta lasifika na ji ana cewa dubu biyar, sai tafi ya ɓarke. Layin yana ɗari biyu da sittin. An shirya a riƙe wutar daƙiƙa goma, na ƙirga su da bakina, hannuna a kan jan maɓallin da ke yanke wuta da hannu. Ban danna ba. Ya kai ɗari uku da goma aka fara sauke wuta. Ya tsaya a nan kamar yana shawara, sannan ya gangaro.

Da na tashi, rigata ta manne a bayana.

Aka raba alewar madara a akwatuna. Dakta Raval ya zo har ɗakinmu ya gode mini, idonsa da ƙwalla. Na ɗauki alewa biyu a takarda na nufi bayan laburare. Dada yana zaune tsakanin tulin fayiloli, fanka na kaɗa gefen takardunsa.

"An yi, Dada. Dubu biyar."

"Na ji tafi. Nawa ya kai?"

"Ɗari uku da goma."

Ya gyaɗa kai, ya karɓi alewar ya ajiye a gefe.

"Ki rubuta a littafi."

Na rubuta. Ban ga alamar wani ya karanta ba.

Ga kowa dai magana ta ƙare: injin ya ɗauki dubu biyar bai ƙone ba, ashe tsohon ne ya cika tsoro. Bayan tafiyar baƙi aka koma gwaje-gwajen yau da kullum a dubu uku da rabi, inda naɗin ba ya nuna komai. Ni kuwa na mayar da iyakar ɗari da hamsin ban tambayi kowa ba.

Ƙarshen Yuni aka yi masa bikin sallama a ɗakin cin abinci. Aka yafa masa mayafin girmamawa, aka ba shi kwakwa da agogon bango. Dakta Raval ya yi jawabi mai kyau. Kirit-bhai ya ce yanzu hiliyam zai samu ya huta, aka yi dariya, Dada ma ya murmusa. Da aka ce ya yi magana, ya miƙe ya ce ya gode, bayanin na'urar yana laburare, mujalladi uku ne, ya zauna. Jirgin ƙasan da zai kai shi gida na ranar Asabar da rana ne. Na ce wa kaina ina da aiki, ban je tasha ba.

Daga nan ɗakin ya zama nawa ni kaɗai. An yi alkawarin turo mini mataimaki, ba a turo ba. Sau biyu na'urar ta yanke a wannan shekarar, duka a kan wasu dalilai na daban, kuma duka biyun na ga yadda hira ke mutuwa in na shigo wuri. Sunan Maigadi ya dawo kaina, har da waɗanda muka fara aiki rana ɗaya. A gida mahaifiyata takan tambaye ni me ya faru a wurin aiki, in ce babu komai, kuma gaskiya ne, in aikina ya yi kyau babu abin da ke faruwa. Wasu ranakun nakan ɗauko mujalladan Dada in karanta ba don ina neman wani abu ba. Rubutunsa ƙanana ne, a tsaye. A shafin da ya yi bayanin iyakar, bai ambaci taron ba ko da kalma ɗaya.

Watan Afrilu na shekara ta gaba lokacin babban gyara ya zo, aka ɗumama injin aka buɗe. Na roƙi a fara da naɗi na goma sha ɗaya. Mahaɗar ƙasa lafiyarta lau, tana ƙyalli kamar ranar da aka ɗaura ta. Ban san ko sauƙi na ji ko kunya ba. Sai ma'aikacin da ke kan tsani ya ce a miƙo masa fitila.

Mahaɗar sama ta yi baƙi ƙirin. Rufin da ke jikinta ya ƙone ya zama gawayi, yana marmashewa in an taɓa. Da aka kwance ta, kusan rabin siraran wayoyin ciki sun narke sun manne da juna. Masu auna irin wannan suka ce da an sake kai ta dubu biyar ko sau ɗaya, wuta za ta yi tsalle ta huda naɗin, wataƙila har da na kusa da shi.

Dakta Raval ya hau tsanin da kansa, ya daɗe a sama. Da ya sauko bai kalli kowa ba. Kirit-bhai yana gefena, ya ce a hankali, "Tsohon nan," bai ƙarasa ba, ya tafi. A rahoton da aka aika Delhi an rubuta cewa an gano lalacewar yayin binciken da aka saba yi. Na nemi a sa sunan Pakrashi-sahab da ranar da ya fara faɗa. Aka ce rahoto ba wurin tone-tone ba ne.

Na ɗauki hutun kwana shida, na sa hotunan mahaɗar a jaka. Kwana ɗaya da rabi a jirgin ƙasa zuwa Howrah, daga nan ƙaramin jirgi zuwa Chandannagar. Ina da lambar wayarsa, amma ban kira ba, don ban san me zan ce ba in ya ɗauka.

Gidan yana cikin wani lungu kusa da kogi, bene ɗaya mai koren tagogi da gansakukar damina a bango. Wata maƙwabciya ce ta nuna mini, tana ta kallona, da alama ba a saba ganin baƙo a ƙofar ba. Ya buɗe da kansa, sanye da farar singileti. Ya rame, kuma ɗaya idonsa an yi masa aiki.

"Jigisha-ben." Ya tsaya. "Injin ne?"

"Injin lafiya, Dada. An buɗe shi."

Ya matsa na shiga. Ɗakin cike yake da littattafan makaranta da ba nasa ba, an jera su an goge ƙura. Kujera ɗaya ce a bakin tebur, sai da ya shiga ciki ya ɗauko mini wata. Na shimfiɗa hotunan. Ya ɗauko madubin ƙara girma ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe ƙwarai. Na yi zaton zan ga wani abu a fuskarsa, ko daɗi ko fushi. Abin da na gani mai duba aiki ne kawai.

"Wannan ta sama ce."

"Ta sama ce."

"Ni ta ƙasa na ce." Ya ajiye madubin. "Da sun bi maganata, ƙasa zan sa a fara tonowa, a ɓata wata guda. Me ya sa ban yi tunanin ta sama ba? Ruwan sanyin ta nan yake fita, ita ce ta fi ɗumi tun asali."

"Dada, kai ne ka yi daidai. Kowa ya gani."

"Rabi." Ya sake ɗaukar hoto guda. "An auna tirjiyarta kafin a kwance?"

Na gaya masa lambar. Ya rubuta a gefen jarida, ya yi ɗan lissafi, ya gyaɗa kai. Na ga in ban yi magana yanzu ba, har in tafi ba zan yi ba.

"Ranar taron nan, da Dakta Raval ya tambaye ni…"

"An tambaye ki ko zai iya zama hayaniya. Zai iya. Ni ma da ni aka tambaya haka, abin da zan ce ke nan."

"Amma na san ba ita ba ce."

A waje wani mai sayar da kayan miya yana kiran kayansa, muryar ta zo ta wuce.

"Na san kin sani," ya ce. Ya dafa tebur ya miƙe. "Bari in ɗora shayi."

Na zauna ina jin motsinsa a madafa, yana neman kofi na biyu. Ya daɗe bai samu ba. Da ya dawo, nasa a kofi, nawa a ƙaramin gilashi. Bai koma kan maganar ba, ni ma ban koma ba. Ya tambayi iyakar, na ce ɗari da hamsin. Ya tambayi wayar naɗi na sha huɗu, na ce na canja ta. Ya tambayi Kirit-bhai da ciwon gwiwarsa. Na tambaye shi yadda yake cika yini, ya ce da safe yana zuwa bakin kogi, da rana yana karatu, wani lokaci tsofaffin ɗaliban Shyamali sukan gaishe shi a hanya amma ba ya gane su.

"Garin nan nata ne," ya ce. "Ni a nan aka haife ni, amma sai in tambayi hanya."

Jirgina na ƙarfe huɗu ne. Ya sa riga ya ce zai raka ni. Kafin mu fita ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko wasu takardu a ninke, ya riƙe su a hannu har tasha. Sai da aka ji jirgin na tahowa ya miƙo mini.

"Wannan wani abu ne na zana. Na'urarmu naɗi take saurare gaba ɗaya, shi ya sa ba ta iya cewa ga inda ciwon yake. In aka sa wa kowace mahaɗa wayoyinta na kanta, za a ga tana lalacewa tun watanni kafin ta yi zafi. Tunda injin a buɗe yake, yanzu ne lokacin. Ban san ko zai yi amfani ba. Ba ni da wanda zan nuna wa."

Shafi goma sha ɗaya ne, kwanan watan da ke kan na farko na watan Agusta ne, wata biyu da barinsa aiki. Na shiga jirgi na sami wuri a bakin taga. Kafin mu tashi ya riga ya juya, yana tafiya a hankali ta gefen masu sayar da shayi.

Da na koma, Dakta Raval ya karanta takardun a tsaye, ya sa hannu a ranar. Wata biyar muka yi muna ɗaura wayoyin, mahaɗa talatin da shida. Da aka sake sanyaya injin na rubuta wa Dada wasiƙa mai tsawo, na gaya masa komai, har da cewa a takardun aikin na sa sunansa a kan tsarin kuma ba wanda ya ce a cire. Amsar ta zo a ƙaramin kati, layi biyu: ya gode, kuma yana son ganin lambobin kowace mahaɗa.

Tun daga lokacin, farkon kowane wata nakan buga lambobin a takarda in aika masa ta gidan waya, don ba ya son karatu a allo. Yakan dawo da ita da jan biro a gefe: ki sa ido a kan ta bakwai, ta ashirin da biyu ba komai, ma'aunin ne. Shekara biyu muna haka. Wata uku ke nan takarda ba ta dawo ba. Na karɓi lambar maƙwabciyarsa ranar da na je, tana cikin jakata, ban kira ba tukuna. Jiya na aika masa na wannan watan.